Wane bincike ne ya nuna?

Jama'a, yau kam sai na faɗa, ko da za a ce na cika surutu.

Wata uku ke nan gwaggona tana kwance, ɓarin jikinta ya shanye. Shekara shida tana shan maganin hawan jini lafiya lau, sai jikarta ta karanto mata a Facebook wai "bincike ya nuna" tafarnuwa da zoɓo sun wadatar. Ta ajiye ƙwayoyinta. Na bi sawun rubutun, ashe wani matashi ne da ake biya yana rubuta wa shafuka bayanan lafiya. Na ce masa, ƙanena, wane bincike ne? Ya ce shi ma a WhatsApp ya gani. Haba!

Ba sana'ar nake ƙi ba, muna buƙatar masu yi mana bayanin lafiya da Hausa. Amma wannan rubutu fa rai ne a cikinsa. Mun manta Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka ce a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi? Har rayuka aka rasa.

Kada wani ya ce babu inda zai duba. Shafin Hukumar Lafiya ta Duniya kyauta ne. NCDC tana fitar da rahoton zazzaɓin Lassa da kwalara. NAFDAC tana da rajistar magungunan da ta amince da su. PubMed a buɗe yake, da data kaɗan za ka karanta taƙaitaccen sakamakon bincike. Cochrane kuwa tattara bincike da yawa take yi ta auna su tare. In Turancin ya yi maka nauyi, ga likitoci, ga masu ilimin haɗa magunguna, tambayi ɗaya kafin ka wallafa.

Kuma ganin sunan babbar mujalla bai isa ba. A 1998 Lancet ta buga binciken Andrew Wakefield mai alaƙanta rigakafin MMR da galahanga, a 2010 ta janye shi, amma har yau ana yawo da shi. Duba shekara, duba ko an janye, duba ko a kan mutane aka gwada ko ɓeraye.

Mu ma masu turawa da laifinmu. Duk wanda ya ce maka bincike ya nuna, ka ce wanne? In ya kasa amsawa, kada ka tura wa kowa.

Ku saka gwaggo a addu'a. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.