Farar Riga da Fuskar Dattijo: Darasin Farko ga Mai Koyon Ɗaukar Hoto

Ranar sallah a Gwandu akan ga dattijo cikin farar babbar riga da rawani, jikoki sun kewaye shi da wayoyi, rana tana tsaka. Idan aka duba hoton daga baya, rigar ta fito tas, amma fuskar ta dushe, idanu sun nutse cikin inuwar rawani. Sai a ɗora wa waya laifi, a fara tanadin sayen mai tsada. Alhali abin da mai koyo ya fi bukata shi ne sanin haske, kuma wannan ba ya cin ko kwabo.

Kyamara tana auna hasken da ke gabanta gaba ɗaya, ta nemi mayar da shi matsakaici. Idan farin yadi ya cika fili, sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage shi, fuska mai duhu ta ƙara duhu. Matsalar tana da tarihi. Shekaru da dama kamfanin Kodak yana daidaita launin hotuna da katin da ke ɗauke da hoton Baturiya, kuma sai a 2021 Google ya fito da tsarin Real Tone a wayar Pixel 6 don gyara yadda baƙar fata take fitowa. Na'urorin sun inganta, amma har yanzu hannun mai ɗauka ne ke cike giɓin: ya taɓa fuskar a allon waya, ya ɗan ƙara haske har idanu su bayyana.

Sai kuma lokaci. Gwandu da Kalgo suna wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka da azahar rana kan tsaya kusan bisa kai a mafi yawan shekara, ta zuba inuwa a ƙarƙashin gira. Da sassafe ko bayan la'asar haskenta yakan zo daga gefe, da laushi. A irin wannan sa'a ce ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, zai samu koren shinkafar fadama yadda ido yake ganinsa. Idan dole sai da rana, a zaunar da mutum a bakin zaure ko gindin darbejiya, fuskarsa tana kallon fili.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Ƙurar hunturu kan zauna a gilashin kyamara, a goge shi da ƙyalle mai laushi. Jawo hoto da yatsu biyu a yawancin wayoyi yanke shi kawai yake yi, gara a matsa kusa da ƙafa. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa inganci, sai dai idan an tura shi a matsayin fayil. Kafin duk wannan, a nemi izini, musamman wajen mata da dattawa.

Wani zai ce ai hoto tunawa ce kawai, ko ya ya fito ya wadatar. Gwandu tana da amsa. Nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna, nan hubbarensa yake, kuma abin da aka sani na zamaninsa ya iso ne saboda an rubuta shi da kulawa, an adana shi. Yau siminti yana maye gurbin ginin ƙasa, masu rini da ƙira suna raguwa, tsofaffi suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma hoton da aka ɗauka da kyau yakan riƙe wani abu daga gidan. Jikan da za a haifa nan da shekara talatin ba zai tambayi sunan wayar ba. Fuskar kakansa zai nema, ya kamata ya same ta.