Hunturu Da Kajin Ƙauye A Arewacin Kano

A ƙasashen Ɗambatta, Bichi da Makoɗa, inda gida ke jingine da gida, gona kuma ke bakin danga, kaza ba ta san iyaka ba. Ta wannan gida da ta wancan wuri guda suke tono. Saboda haka in hunturu ya kama, cutar nan da likitocin dabbobi ke kira Niyukasal kan share kajin unguwa cikin 'yan kwanaki, galibi daga kaza ɗaya da aka sayo a kasuwa aka sake ta nan take. Asarar kuwa ta mata ce, domin kazar ita ce asusunsu na sabulu da magani.

Da murar tsuntsaye ta ɓulla a 2006, ta kuma dawo Kano a 2015, hankalin hukuma ya karkata ga manyan gonakin kaji. Mai kaji goma a bayan ɗaki ba ta cikin lissafi.

Alhali maganin ba mai tsada ba ne. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin rigakafin Niyukasal mai jure zafi, wanda ake ɗigawa a ido. Lalle ne malaman gona su kai shi ƙauyuka kafin sanyi ya sauka, unguwa ɗaya rana ɗaya. Sauran aikin na masu gida ne: akurki mai ƙofa da shigar iska, wanda zai tsare muzuru da dare, a riƙa share shi ana barbaɗa toka. 'Yan tsaki a kife su da kwando saboda shirwa. Baƙuwar kaza kuwa a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran.