Buhun da Aka Haifa a Cikin Hoto

Duk mai bi ta Ƙofar Dawanau ya nufi kasuwar hatsi ta Dawanau ya san ciniki ya sauya salo. Mai saye yana Legas ko Maraɗi, dillali ya tura masa hoton sito maƙare da buhunan riɗi ko waken suya ta WhatsApp, shi kuma ya aiko da kafin alƙalami. A ganina hoton nan bai isa shaida ba, domin algus mafi sauƙi shi ne a kwafi wani sashe na hoto a liƙa shi a wani gefensa, sai buhu hamsin su koma ɗari biyu.

Ido na shan wuya wajen kama wannan ha'inci saboda abin da aka liƙa ɗan gida ne: haskensa da launinsa duk na hoton ne. Ko manyan kafafen labarai sun faɗa tarkon. A Yulin 2008 jaridun duniya sun buga hoton makamai masu linzami huɗu da Iran ta harba, daga baya aka gano ɗaya kwafe ne. A 2006 kamfanin Reuters ya janye hotunan wani mai ɗaukar hoto bayan an ga hayaƙin Beirut yana maimaita kansa. To amma ƙarfin dabarar shi ne rauninta. A 2003 Jessica Fridrich da abokan aikinta a Jami'ar Binghamton ta Amurka sun nuna yadda kwamfuta za ta yanyanka hoto ƙanana-ƙanana ta gwama su. Idan aka sami tarin tagwaye, duk sun gusa gefe ɗaya da tazara ɗaya, to hannu ya taɓa. Ko ba kwamfuta, faɗaɗa hoton ka duba: buhu biyu ba sa yin tabo ɗaya, ɗinki ɗaya da inuwa ɗaya.

Wani zai ce ai buhunan kamfani guda dama kama suke yi, na'urar za ta shafa wa mai gaskiya kashin kaji. Gaskiya ne, shi ya sa sakamakonta zargi ne kawai, hukunci sai an je an gani. Wani kuma zai ce WhatsApp na matse hoto har alamun su dushe. Wannan ma haka ne, kuma maganinsa a hannu yake: a nemi a turo hoton asali a matsayin fayil, ko a yi kiran bidiyo a zaga da kai cikin siton. Masu cewa neman haka rashin yarda ne kuwa, ban san ɗan kasuwar da ke jin haushi don an soka wa buhunsa ƙarfe an ga ƙwaya ba.

Shugabannin kasuwa su mayar da wannan ƙa'ida: kada kuɗi su fita a kan hoto kaɗai, sai wakili ya ƙirga buhu da hannunsa.