Filin Magidanta: Firigon Sola, A Yi Lissafi Kafin A Saya



Duk wanda ya zauna Abijan a 2010 ko 2021 bai manta da rabon wutar lantarki ba. A 2021 ƙarancin ruwa a madatsu da lalacewar inji a tashar Azito ne suka jawo shi. Shi ya sa ƙananan firigo masu aiki da batirin 12 V, waɗanda aka ƙera domin matafiya, suke jan hankalinmu a shagunan Adjamé da Treichville, musamman masu sana'ar zoɓo da lemun citta. Shawararmu ita ce a san cin wutarsu tukuna, kafin a fitar da kuɗi.

Iri biyu ne. Na farko yana da inji irin na firigon gida. Mai lita 40 yakan ja wat 40 zuwa 50, amma yana tashi yana hutawa, don haka a zafin garin nan cinsa na dare da rana kan kai wat-awa 400 zuwa 500. Idan aka sa shi daskarar da nama, cin kan ninka. Na biyu, mai araha, ba shi da wannan inji, kuma ba ya hutawa: wat 50 sau awa 24 ya zama 1,200, ga shi ba ya yin ƙanƙara. Arahar nan a batir ake biyan ta.

Batirin da aka rubuta wa 100 Ah yana ɗauke da wat-awa 1,200. In na dalma ne, rabi kaɗai ya kamata a sha, in ba haka ba ya mutu da wuri. Wato 600, abin da zai riƙe firigo kwana guda da 'yan awoyi. Batirin mota kuwa domin tayar da inji aka yi shi, ba ya jure wannan aiki. Na litiyom ya fi ba da wuta, ya kuma fi tsada.

Sai allon sola. A nan mu tuna cewa ranar Abijan ba ranar Maraɗi ko Sakkwato ba ce. Ko babbar tashar sola da aka buɗe a 2024, can arewa aka kafa ta, a Boundiali. A garin nan allo mai wat 100 kan ba da kimanin wat-awa 300 a rana mai kyau, daga Mayu zuwa Agusta kuma hadari ya rage shi. Saboda haka firigo yana buƙatar allon wat 200 aƙalla, tare da na'urar daidaita caji. Mai daskarewa kuma ninkin haka. Da watannin damina za a yi lissafi.

Ana rage cin wuta idan aka ajiye firigo a inuwa nesa da bango, aka bar abinci ya huce kafin a zuba, aka hana yara yawan buɗewa, aka kuma yi amfani da waya gajera mai kauri.

Masu tunanin naman Layya su sani: daskarar da ɗanyen nama mai yawa a lokaci guda ya fi komai shanye batir. A raba wa mabukata da maƙwabta, a soya saura kamar yadda iyayenmu suka saba, sannan a ba firigo ɗan abin da zai iya riƙewa.

Allah Ya sanya albarka a dukiyarmu. Sai fitowa ta gaba.