Araha Ba Ta Ado, Amma Tana Riƙe Lokaci

Jama'a, a azumin da ya wuce na zauna a wani zaure a nan Lafiya, rana ta yi ja, kowa ya ajiye dabino da kofin kunu a gabansa, sai gardama ta kaure. Wani Alhaji ya dubi agogonsa na wani, mai ruwan zinariya, wanda ya sayo a Makka shekarun baya, ya ce lokaci ya yi. Wani yaro ɗan makaranta kuwa ya dubi nasa na roba, irin wanda ake sayarwa a faranti a bakin tasha, ya ce da sauran minti huɗu. Alhaji ya harare shi ya ce, "Kai yaro, kuɗin maɗaurin agogona ya sayi irin naka ashirin." Yaro ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Baba." Ba a ji ladan ba sai da mintocin nan huɗu suka cika. Tun daga ran nan na ƙudura sai na yi wa masu karatu bayanin dalilin da ya sa yaron ya fi gaskiya.

Agogon hannu iri biyu ne. Akwai na wani, watau mai aiki da ƙarfe naɗaɗɗe da ƙananan ƙafafu masu haƙora, akwai kuma mai batir. A cikin mai batir akwai wani ɗan ƙanƙanen dutse da Turawa ke kira kwaz, asalinsa ɗaya ne da yawancin rairayin bakin rafi, sai dai na agogo a masana'anta ake yinsa. In wutar batir ta taɓa shi sai ya riƙa kaɗawa sau 32,768 a kowace daƙiƙa. Wata na'ura a ciki tana raba wannan adadi biyu, ta sake rabawa, har sau 15, sai ya koma ɗaya cif, watau daƙiƙa guda. Abin lura a nan shi ne, dutsen da ke cikin agogon talaka da wanda ke cikin yawancin masu batir na masu hali duk kaɗawarsu ɗaya ce. Kuɗin da ake ƙarawa na ƙarfe ne, da gilashi, da suna.

Da can ba haka abin yake ba. Sa'ad da kamfanin Seiko na ƙasar Japan ya fitar da agogon hannu mai wannan dutse na farko, mai suna Astron, ran 25 ga Disamba 1969, kuɗinsa yen 450,000 ne, daidai da kuɗin ƙaramar mota a lokacin. Bayan shekara ashirin, a 1989, kamfanin Casio ya fito da ɗan baƙin agogon nan F-91W wanda ya cika kasuwanninmu. Alkawarin da masu shi suka yi shi ne, kuskurensa ba zai wuce daƙiƙa 30 a wata ba, watau daƙiƙa ɗaya cikin 86,400 da ke cikin yini da dare. A shekara, minti shida ke nan in ya yi muni ƙwarai.

To, mu gwada shi da na wani. A ƙasar Suwizalan, gidan agogo, akwai hukumar da ke jarraba agogunan wani mafiya kyau, tana ba su takardar shaida in ba su yi jinkirin da ya wuce daƙiƙa 4 a rana ba, ko gaggawar da ta wuce daƙiƙa 6. Daƙiƙa 6 a rana minti uku ke nan a wata. Ashe agogon da aka saya da kuɗin gida, mai takardar shaida, yana iya kuskuren da ya ninka na ɗan makaranta sau shida. Na wani na gama-gari kuwa, in ya daɗe bai ga mai gyara ba, minti goma a wata ba abin mamaki ba ne gare shi.

Amma fa kada mai karatu ya zaci agogon araha ba shi da aibi. Dutsen nan ya fi son zafi madaidaici, wajen awo 25 a ma'aunin zafi. In zafi ya ƙaru ko ya ragu da yawa, sai ya rage sauri kaɗan. Saboda haka wanda ke barin agogonsa a gaban mota cikin zafin Lafiya na watan Maris, shi ya ja wa kansa. A hannu ya fi zama lafiya, domin ɗumin jiki ba ya sauyawa sosai. Sauran abokan gabansa su ne ruwan alwala da gumi da ƙurar hunturu, tun ba in mai gyara ya sauya batir bai mai da ɗan zoben robar da ke bakin murfi ba. Ga kuma jabu, mai ɗauke da sunan kamfani alhali ba a tsaya an daidaita shi ba. Wannan kam sai a gwada. A saita shi da wayar hannu mai karɓar lokaci daga kamfanin waya, a rubuta ranar, a sake dubawa bayan kwana talatin. Gani ya kori ji.

Akwai kuma abin da agogo, mai tsada ko mai araha, ba zai iya faɗa mana ba, watau inda rana take. Nijeriya duka lokaci ɗaya take bi, awa ɗaya gaba da na Girinwic a Ingila, amma rana ba ta san wannan doka ba. Tana yin tsaka a Maiduguri kusan minti 18 kafin Lafiya, a Sakkwato kuwa sai kamar minti 13 bayan Lafiya. Ko a nan garin ma, tsakar rana takan kama wajen 12:10 a farkon Nuwamba, ta koma wajen 12:40 a tsakiyar Fabrairu. Wanda ya riƙe jadawalin wani gari, ko na wani wata, yana duba agogo mai gaskiya, zai yi kuskure, kuma ba laifin agogo ba ne.

Wannan ya kawo mu ga ainihin maganar. An sa ɗaurin aure ƙarfe goma, sai sha biyu ango bai iso ba. An ce motar Makurɗi ko ta Akwanga za ta tashi ƙarfe bakwai, sai hantsi ya dubi ludayi ana nan ana kiran mutum ɗaya. An kira taro a ofis, ƙananan ma'aikata sun zauna tun safe, babba bai fito ba, ga agogon zinariya a hannunsa. In an tambaya sai a ce agogo ne. Laifi tudu ne, taka naka ka hangi na wani. Agogon da ke kuskuren daƙiƙa ɗaya a rana bai taɓa sa mutum ya makara da awa biyu ba.

Saboda haka shawarata ga uban da ɗansa zai shiga jarrabawa, da direba, da ɗan kasuwar da ke bin lodin doya da riɗi, ita ce kada ku ci bashi don agogo. Ku sayi mai batir na gaskiya daidai ƙarfinku, ku saita shi sau ɗaya a wata, ku kiyaye shi daga ruwa da rana. Mai son ado ya sayi na ado, ba wanda zai hana shi, amma ya daina raina na yaro. Agogo sarkin aiki ya riga ya sauke nasa nauyi. Saura namu, watau cika alkawari a kan lokacin da muka ɗiba da bakinmu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.