Ana Ganin Ƙurar Tun Daga Cadi, Me Ya Sa Take Riskar Ɗalibanmu Ba Shiri?

Wata safiya a hunturun bara na fito daga Maradi zuwa makarantar da nake koyarwa a yankin Jiratawa, hazo ya rufe gari har ba ka hango mai babur ɗin da ke gabanka. Duk da haka muka jera yara a fili don ɗaga tuta. Kafin ƙarfe 10 wata ɗalibata mai ciwon fuka ta durƙushe, numfashi ya gagara, sai asibiti. Allah Ya ba ta lafiya. Amma maganar da wani abokina masanin yanayi ya yi mini da yamma ta tsaya mini a rai. Ya ce, "Malam, ai tun jiya aka ga tasowar wannan ƙurar."

Gaskiya ya faɗa. Yawancin ƙurar hunturu na tasowa ne daga kwarin Bodele, busasshen gindin wani tsohon tafki a arewacin Cadi, fiye da kilomita 1,000 daga nan. Iskar arewa maso gabas ke kwaso ta, kuma takan yi kwana ɗaya ko biyu kafin ta iso mu. Tauraron ɗan'adam na Turai mai suna Meteosat, wanda ke tsaye a nisan kusan kilomita 36,000, yana ɗaukar hoton Afirka duk minti 15, dare da rana. A irin hoton da masana ke haɗawa, ƙura kan fito da launin ruwan hoda, ana bin tafiyarta kamar ayari. Haka ma gobarar daji da ke cinye makiyaya a Dakoro da Bermo bayan damina: shafin FIRMS na hukumar NASA ta Amurka yana nuna wuraren da wuta ke ci da jajayen ɗigo, kyauta.

Masana kuma muna da su. Cibiyar AGRHYMET da ACMAD da hukumar hasashen yanayi ta ƙasa duk suna Yamai. Abin da ya rage shi ne labarin ya sauko daga kwamfuta, ya fita daga Faransanci, ya isa kunnen darakta a Tibiri da uwa a Jiratawa.

Wasu za su ce kakanninmu ma sun sha hazo ba su mutu ba. To amma mun san lokacin sanƙarau shi ne lokacin rani da ƙura. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, sai dai busasshiyar iska mai ƙura tana raunana hanci da maƙogwaro, ta buɗe mata ƙofa. A watan Afrilun 2015 sai da aka rufe makarantun Yamai saboda annobarsa. Balle yaranmu da yawa a azuzuwan zana suke zaune, inda ƙura ke shiga ta ko'ina.

Shawarata mai sauƙi ce. Gidajen rediyon Maradi su riƙa sanar da hasashen ƙura da Hausa kowane dare. Hukumomin ilimi su tura shi ga daraktoci ta WhatsApp. Ranar da aka ce tana tafe, a ɗage motsa jiki da sharar fili, a taƙaita taron tuta. Iyaye su ba yara ruwa da takunkumi ko mayafi, mai fuka ya riƙe maganinsa ko ya zauna gida, kuma kada a yi sakaci da allurar rigakafi.

Sai dai akwai hayaƙin da tauraro ba zai nuna mana ba: na leda da bola da muke ƙonawa a bayan aji. Wannan ba daga Cadi ya zo ba. A taron kwamitin makaranta na gaba, da shi ya kamata mu fara.