Kunnen Ƙashi Ko Ciwon Kunne?

A yawon da muke yi ƙauye-ƙauye muna yawan ganin yara da mugunya tana fita daga kunnensu, ƙudaje na bi. In muka yi magana sai uwa ta ce, "Ai ruwan kunne ne, in ya girma zai daina." Mu dai ba mu yarda da wannan ba, ga kuwa dalilinmu.

In yaro ba ya jin magana akan ce yana da kunnen ƙashi. To, ashe kowa ma akwai ƙashi a kunnensa, har guda uku. Suna bayan dodon kunne, cikin wani ɗan ɗaki mai iska. Masana na dā sun ba su suna bisa ga kamanninsu: na fari guduma, na biyu maƙera, na uku likkafa, irin wadda mahayi ke sa ƙafa a ciki. Wani likita mai suna Vesalius ya bayyana biyun farko cikin littafinsa na 1543, ita kuwa likkafa sai a 1546 wani likitan Italiya, Ingrassia, ya gano ta. Ba abin mamaki ba ne da ta ɓuya haka, gama tsawonta wajen milimita 3 ne, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Duk jikin mutum ba ƙashin da ya kai ta ƙanƙanta.

Murya takan bugi dodon kunne ya girgiza. Guduma tana manne da shi, sai ta motsa maƙera, maƙera ta motsa likkafa, likkafa kuma ta tura ruwan da ke can cikin kunne, inda jijiya ke ɗaukar saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. A wannan ɗan tsakani ƙarfin bugun yakan ƙaru wajen sau 20. In ɗaya ya gutsure, sai magana ta zama kamar ana yin ta a bayan katanga.

Akwai wata 'yar hanya daga maƙogwaro zuwa wannan ɗaki. Ta yara gajeriya ce, kuma a kwance take, shi ya sa mura ko ƙyanda ke saurin hawa kunnensu. Mugunya takan taru har ta huda dodon kunne. In aka bar ta wata da watanni tana iya cin ƙasusuwan nan, yawanci maƙera ce ke fara lalacewa, kuma wanda ya cinye ba ya sake tsirowa. Likitoci suna iya sa na ƙarfe a madadinsa, amma sai a babban asibiti, ga kuɗi.

Abin da ya fi damunmu shi ne makaranta. Mu ma mun riƙe alli kafin mu shiga wannan aiki, mun san yadda malami kan fusata in ya kira yaro sau uku bai waiwayo ba. Sai mari. Alhali mari a kan kunne yana iya fasa dodon kunne, har ya gocar da ƙasusuwan. Malamai, kafin ku ce yaro daƙiƙi ne, ku dubi kunnensa, ku dawo da shi layin gaba, ku aika a kira iyayensa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, cikin rahotonta na 2021, kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a wurin yara abin da ake iya hanawa ne.

Iyaye kuma, a bar zuba man ja ko ruwan ganye, a bar sakace da gashin kaza ko tsinken ashana. A naɗe tsumma mai tsabta kamar lagwani a tsane mugunyar sau uku a rana, kada ruwa ya shiga lokacin wanka, a kai yaro asibitin da ke kusa tun ranar da aka ga ruwan. In ya wuce mako biyu bai tsaya ba, a koma, a roƙi takardar zuwa wurin likitan kunne. Akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna. In kuwa bayan kunne ya kumbura da zazzaɓi, kada a jira ranar kasuwa, a nemi mota ran nan.